Wa ke riƙe da jirgin ƙarƙashin teku, kumandan ko mutanensa?

Ɗan Bukoki:
Assalamu alaikum ƴan fada, barkanmu da dare. Ina da magana a kan wasannin nan na jirgin ƙarƙashin teku, kuma ina son kowa ya tofa albarkacin bakinsa, har da masu karantawa su yi shiru. Me ke zaunar da mutum awa uku gaban kwamfuta a wasan da rabinsa ruwa ne da duhu? Ni na yi imani ba torpido (bam ɗin da ake harbawa ta cikin ruwa) ba ne, ba kuma ƙarar fashewa ba. Mutanen da ke cikin jirgin ne. Da zarar jirgi ya nutse ya wuce inda madubin leƙe ke kaiwa, kumandan ba ya ganin komai. Abin da mai saurare ya faɗa masa shi ne duniyarsa, abin da injiniya ya ce ya rage a batir shi ne sauran kwanansa.

To wane wasa ne ya ba mutanen nan haƙƙinsu? A Silent Hunter III, wanda reshen Ubisoft na Romaniya ya yi a 2005, kana tsaye a ɗakin umarni, ka ce a nutse, hafsa ya amsa maka da murya, kana ganin masu riƙe da sitiyarin zurfi a zaune. Amma sauran jama'ar jirgin ƴan hotuna ne a shafi guda, kana jan su da linzami daga ɗakin inji zuwa gado in sun gaji. Silent Hunter 5 na 2010 ya buɗe jirgin duka, ka taka daga ɗakin torpido na gaba har na baya, ka tsaya ka gaisa da kuku. Sai dai hirar ba ta da yawa, zagaye biyu ka haddace ta. Sai UBOAT, na wani kamfanin ƙasar Folan, da ya fara fitowa a 2019 aka kammala shi a 2024. Shi kam mutanen ne wasan: yunwarsu, barcinsu, ladabinsu, tsoronsu. Wanne ya fi kusa da gaskiya a ganinku?

Auta:
Wa'alaikumus salam yaya. Ni gaskiya ban yarda ba. Cold Waters nake yi, na zamanin Yaƙin Cacar Baka, babu fuskar mutum ko ɗaya a cikinsa, jirgin ma daga waje kake kallonsa, amma in torpido ya kama sawuna wallahi tafin hannuna gumi yake. Na gwada UBOAT a wurin Mai Sibar, sai ga ni ina lissafin dankali da gwangwanin kifi, ina tura wannan ya kwanta ina tada wancan. Wannan aikin mai kula da sito ne, ba na kumandan ba.

Ƴar Wadata:
Auta, yi mini abu guda. Shiga wasan naka ka kashe muryoyin, ka bar ƙarar ruwa da ta inji kaɗai, ka yi yaƙi ɗaya a haka. Abin da ke sa ka gumi shi ne muryar mai sonar, wato na'urar sauraron ƙarƙashin ruwa, da ke sanar da kai an harbo torpido daga gefe kaza. Ba ka taɓa ganin fuskarsa ba, amma da shi kake tafiya. Ko a can ɗin mutum ne ke tada maka hankali, ba jan ɗigon da ke taswira ba.

Auta:
Zan gwada yaya. Amma maganar dankali tana nan.

Mushe Tarihi:
Kafin gardama ta yi nisa bari in ajiye muku ma'auni, mu san abin da wasannin ke kwaikwayo. Jirgin da ake tuƙawa a UBOAT da Wolfpack, kuma wanda aka fi ɗauka a Silent Hunter III, shi ne samfurin VII na Jamus a Yaƙin Duniya na Biyu. Mai lamba VIIC tsawonsa wajen mita 67 ne, amma gangar ƙarfen da mutane ke ciki mita 50 ce da ƴan kai, faɗinta mita 4.7 a inda ta fi faɗi, kuma injuna da batir da torpido 14 sun cinye mafi yawanta. A sauran wurin ake cusa mutum 44 zuwa 52. Gado bai ishi kowa ba, wanda ya sauka daga aiki yana kwanciya inda wanda ya hau ya tashi, da ɗumin jikinsa. Bayan gida biyu ne, ɗayan kuma cike yake da kayan abinci a farkon tafiya. Ruwan daɗi na sha ne da girki, babu wanka babu aski, shi ya sa duk hotunan dawowarsu tashar Loriyan ko Sen Nazer a Faransa za ku gan su da gemu. Burodi fumfuna ke rufe shi fari fat, a yanke bayan a ci cikin.

Kuma jirgin ba a ƙasa yake zaune ba. Yawancin tafiyarsa a saman ruwa ce da injin gazuwal, yana kai kilomita 33 a awa. A ƙarƙashi da batir iyakarsa 14, in ma ya lallaɓa a kilomita 7 a awa, wajen kilomita 150 batirin zai kai shi ya mutu. Saboda haka ransu na hannun ƴan tsaro huɗu da ke tsaye a saman hasumiya, kowa da kusurwarsa, awa huɗu ruwan gishiri na dukan fuska. Aka hango jirgin sama sai ƙararrawa, su diro ta tsani, na ƙarshe ya ja murfi, cikin daƙiƙa 30 ko makamancin haka jirgi ya ɓace. A wannan lokacin duk wanda ba ya riƙe da wani aiki da gudu yake tafiya gaba, don nauyinsu ya danna hancin jirgin ƙasa. Ku lura da wannan, har nauyin jikin mutum yana cikin lissafin nutsewa.

Don haka Auta, dankalin nan ba ƙari ba ne da masu wasa suka liƙa. Mutum hamsin da ba su ga rana ba makonni, abincin kuku na cikin ƴan abubuwan da suka rage musu na jin daɗi.

Kawu Makaniki:
Salamu alaikum ɗiyana, gaisuwa daga Tawa. Ɗana ne ka yin wasan, ni ina zama gefe ina kallo, kuma akwai abin da ka damuna duk sa'ad da ya shiga ɗakin inji. Na yi shekaru a ɗakin injin jirgin kaya tsakanin Abijan, Lome da Duwala lokacin da muka tahi biɗa. Ba jirgin ƙarƙashin ruwa ba ne, amma mu ma ƙasa da layin ruwa muke, ba taga, ba mu san ko rana ta hito ba. Ƙara ta hana magana, da hannu muke zance. Inji kuwa da tafin hannu ake sanin lahiyarshi, ka ɗora bisa ƙarfe ka ji yadda shike rawa. Mutum shina barci nisa da inji, amma sautin ya canza kaɗan sai ka ga ya buɗe ido ya zauna, ba wanda ya tashe shi.

A wasan ɗana mutanen inji suna tsaye suna shafa ƙarfe, kumandan ya danna wuta duka, su ba da wuta duka. Wanga ba haka ba ne. Injiniya na ƙwarai shina ce ma kumandan a'a. Shina cewa in ka riƙe wanga gudu, ba ni da tabbacin injin hagu. Kumandan ya ji haushi, amma ya rage. Ran da aka yi wasan da injiniya zai iya ja da kai, kuma wani lokaci shi ke da gaskiya wani lokaci kai, ran nan an kama hanya.

Ku da kuka san Ader kun san mai ginan rijiya. Shina can ƙasa gaba ashirin, bai ganin fuskar wanda ke riƙe da igiya bisa, motsin igiyar kawai shike ji, kuma ya san in wancan ya yi gyangyaɗi tashi ta ƙare. Zaman jirgi ke nan, kowa na ƙasa kuma kowa na riƙe da igiyar wani.

Ɗan Bukoki:
Allah ya ƙara girma Kawu. Abin da nake ta laluben yadda zan faɗa ke nan.

Ƴar Wadata:
Kawu ya taɓo inda ke yi mini ƙaiƙayi. Ni matsalata da duk wasannin nan ita ce yadda suke nuna gajiya. Wani ɗan layi ne kore, yana raguwa, ya koma ja, aikin ɗakin ya yi sanyi, ka musanya mutum. Ni aikin jinya nake, na san gadin dare. Wanda ya gaji ba ya daina aiki, ba ya ma rage sauri sosai. Kuskure yake yi da cikakken tabbaci. Ya karanta 38 a inda aka rubuta 39, ka tambaye shi ya ce lafiya lau. Wani kuma in ya gane ya yi kuskure sai ya ɓoye, saboda tsoron na sama da shi. Ƙarfe huɗu na asuba ba ƙarfi ke fara ƙarewa ba, hankali ne.

Abin da nake so a wasa shi ne mai saurare da ya yi awa goma da abin ji a kunne ya ce mini jirgin rakiya, na yaƙin da ke gadin jiragen kasuwa, na nesa alhali yana kusa, ba tare da wasan ya kunna mini wata jar fitila ba. Ni ce zan san mutumina: wannan in ya ce ya tabbata to ya tabbata, wancan sai na aika wani ya sake saurarawa. A nan shugabanci yake. Muddin duk abin da ma'aikacin jirgi ya faɗa gaskiya ce tsantsa, to ba mutum ba ne, agogo ne mai murya.

Ɗan Bukoki:
Na yarda da ke, amma a yi wa UBOAT adalci, ya ɗan matsa gaba. In bama-baman zurfi suka yi yawa akwai matuƙin da ke rikicewa, sai ka cire hafsa daga aikinsa ya je ya kwantar masa da hankali, alhali kana buƙatar hafsan a wani wuri. Abinci iri-iri na ɗaga ladabin jama'a, kiɗa a rediyo ma haka. In kana ɓuya kuwa da hannunka za ka bi kana kashe famfo da kamfas mai juyi don kada a ji ku, ka kunna shuɗiyar fitila mutane su lafa iskar ta daɗe. Akwai daren da jirgin rakiya ya yi ta kewaya kanmu, ruwa na taruwa a ƙasan jirgi saboda famfo a kashe, iska na raguwa, ni kuma ina kallon wani ɗan saurayi da na ɗauka a tashar La Roshel yana zaune bakin gado ya dafe kai. Da na tashi yanke shawarar ko mu ɗago ko mu ƙara haƙuri, shi na kalla kafin in kalli ma'aunin iska.

Mushe Tarihi:
Rikicewar nan ba ta tsaya kan ƙananan matuƙa ba. Ranar 24 ga Oktoba 1943 ana ruwan bama-bamai a kan U-505, kumandansa Peter Zschech ya kashe kansa a gaban mutanensa. Mataimakinsa Paul Meyer ne ya karɓi jirgin a tsakiyar harin ya mai da shi Loriyan. Jirgin nan yana nan har yau a gidan tarihi a Chikago, Amurkawa sun kama shi ranar 4 ga Yuni 1944 a tekun da ke yamma da Afirka. Cikin mutum wajen 40,000 da suka shiga jiragen nan na Jamus, kusan kashi uku cikin huɗu ba su dawo ba. A watan Mayun 1943 kaɗai sun rasa jirgi sama da 40, a ɗaya daga ciki har da ɗan Dönitz, babban kwamandansu. Wanda ya fita sintiri bayan wannan watan ya san lissafin. Wasa bai taɓa sa ni jin cewa kumandan kansa zai iya karyewa ba, kullum mai riƙe da linzami shi ne wanda zuciyarsa ba ta rawa.

Auta:
To Mushe, wannan zamanin da ne. Na Yaƙin Cacar Baka ai na'ura ce ke aiki, kwamfuta ke lissafin harbi.

Mushe Tarihi:
Ɗalibina, zamanin naka ma ga labarinsa. Ranar 27 ga Oktoba 1962, ana tsakiyar rikicin makamai masu linzami na Kuba, jiragen Amurka sun tsare jirgin Tarayyar Sobiyet B-59 suna jefa masa ƙananan bama-bamai don ya ɗago. Batir ya kusa mutuwa, zafi a ciki ya haura digiri 45, mutane na suma, kwanaki ba su ji daga Mosko ba. A cikin jirgin akwai torpido mai kan nukiliya. Yadda waɗanda ke ciki suka ba da labari daga baya, kumandan Valentin Savitsky ya ɗauka yaƙi ya ɓarke yana son a shirya harbi, Vasili Arkhipov, wani babban hafsa da ke cikin jirgin, ya ƙi, ya lallashe shi har suka ɗago. Gardamar mutum biyu ce a ɗaki mai zafi. Wace na'ura ce ta yi wannan aikin?

Mai Sibar:
Ku yi haƙuri sai yanzu na rufe shago. Na karanta duka. Abin da Ƴar Wadata ke nema da wanda Kawu ke nema akwai shi, sai dai ba kwamfuta ke bayarwa ba. Wolfpack ne, na wasu ƴan Suwidin, ya fito 2019. Kowane wurin aiki mutum ne na gaske: kumandan, mai tuƙi, mai nutsewa, mai rediyo da saurare, mai taswira. Babu alamar da ke nuna maka inda kake a teku, mai taswira ne zai zana da gudu da lokaci. Saƙo ya zo a rufe, mai rediyo ya warware shi da Enigma, na'urar saƙon sirri ta Jamus, harafi bayan harafi. Kumandan ya leƙa ya ce tsayin falwayar jirgin ya cika layi kaza a madubi, a buɗe littafin gane jirage a nemo ainihin tsayinta, a fitar da nisa. Gudu kuma akwai dabarar minti 3 da daƙiƙa 15: mitocin da jirgi ya ci a wannan lokacin, raba da 100, ka samu gudunsa a ma'aunin teku. Duka da hannu ake murɗa lambobin a na'urar torpido. Mutum ɗaya ya karkace, torpido ya wuce ta bayan jirgi.

Asabar ɗin da ta wuce yara biyar suka zauna a nan, na kashe fitilun shago. Ayari na gabansu, jirgin rakiya ya juyo. Kumandansu ya yi ihun a nutse, ya sauko, mai nutsewa ya buɗe tankuna. Sai ruwa. Ba wanda ya rufe murfin hasumiya, kowa ya ɗauka ɗayan ya rufe. Da kun ga yadda aka yi tsit, sannan aka kaure da musu. Abin da ya burge ni shi ne zagaye na biyu. Ba wanda ya koya musu, da kansu suka kafa doka: duk umarnin da aka bayar sai wanda aka ba ya maimaita shi da baki, kuma ba a taɓa tanki sai an ji kalmar an rufe. Yaron da ke kan saurare, wanda ko gaisuwa da ƙyar yake amsawa don kunya, shi ne ya ɗaga hannu ya ce kowa ya yi shiru, kumandan da ya girme shi da shekara biyar ya yi gum. Ya rufe ido, yana juya ƙaramin sitiyarin nan a hankali, ya ce farfela mai sauri, dama, tana matsowa. Shagon duka ba mai motsi, har mai shayin ƙofa ya leƙo ya tsaya.

Kawu Makaniki:
Madalla. Maimaita umarni haka muke yi a jirgi, doka ce. Yaran sun gano ta da kansu don sun sha ruwa.

Amma akwai wani abu da ko wanga bai ba ku. Na ga ɗana shina danna wani maɓalli, kwana ukku su wuce kahin shayi ya tafasa. Mi ya rage na teku in an cire jira? Faɗan da na gani a jirgi bai taɓa tashi lokacin hadari ba, lokacin hadari kowa ɗan'uwan kowa ne. Ranar da ba abin yi, sati na ukku, sa'annan ne tari na wani ka hana ka barci, yadda wani ka tauna abinci ya ishe ka. Wanda ya iya riƙe mutane a wanga lokaci shi ne shugaba.

Ɗan Bukoki:
Gaskiya ne Kawu, Silent Hunter III na barin ka ninka lokaci har sau 1024. Amma wa zai zauna sati uku na gaske? Ni abin da nake yi, in na shiga yankin sintiri ina rage ninkin sosai, in hau sama in tsaya tare da ƴan tsaro har rana ta faɗi. Ba ya maye abin da kuka gani, amma in hayaƙi ya ɓullo a nesa bayan doguwar tsayuwa, daɗinsa daban ne da wanda ya zo bayan danna maɓalli.

Ƴar Wadata:
Akwai abin da ke raina tun ɗazu. Muna ta tausayin mutum hamsin da ke cikin jirginmu. Na cikin jirgin da muka harba fa? A Silent Hunter III na asali jirgi ya nutse sai a rubuta maka nauyinsa, tan kaza, a ƙara maka daraja. Kamar ba kowa a ciki. Kuma kada mu manta tutar da waɗannan jiragen ke ɗauke da ita, gwamnatin Hitler suke wa aiki. Ni wannan na hana ni sakin jiki, kuma ina ganin bai kamata ya daina hana ni ba.

Auta:
Yaya ai wasa ne. In mutum ya bi wannan ba zai taɓa kowane wasan yaƙi ba.

Mushe Tarihi:
Wasa ne, amma tunda muka ce muna son mutane a cikinsa, ba mu da ikon zaɓar rabinsu. Jiragen kasuwa wajen 3,500 aka nutsar a yaƙin Atlantika, matuƙan kasuwa na Birtaniya kaɗai sama da 30,000 suka mutu a yaƙin. A cikinsu akwai ƴan Afirka ta Yamma, mutanen Firitawun da Legas da ke aiki a jiragen kamfanin Elder Dempster, da yawa a ɗakin wuta, can ƙasa inda torpido ke bugawa. Irin aikin Kawu ke nan. A 1941 U-107 shi kaɗai ya nutsar da jirgi 14 a sintiri guda, yawancinsu a ruwan Firitawun.

Ga kuma labarin da ya faru a tekunmu. Ranar 12 ga Satumba 1942 U-156 na Werner Hartenstein ya harbi jirgin Birtaniya Laconia, ɗauke da mutum wajen 2,700, ciki har da fursunonin yaƙi ƴan Italiya kusan 1,800, da mata da yara. Da ya ji ihu a ruwa ya gane abin da ya yi, sai ya shiga tsamo mutane, ya aika saƙo a buɗe cewa duk jirgin da ya zo ceto ba zai taɓa shi ba, ya ja kwale-kwalen tsira da igiya, ya shimfiɗa tutar Red Cross. Ranar 16 jirgin saman Amurka da ya taso daga tsibirin Asenshon ya jefa masa bam, dole ya saki mutanen ya nutse. Waɗanda suka kwashe sauran jiragen Faransa ne na gwamnatin Vishi mai haɗa kai da Jamus, daga Dakar da Konakiri da Kwatano, lokacin Nijar ma tana ƙarƙashin wannan mulkin. Sama da mutum 1,600 suka halaka. Ranar 17 ga Satumba Dönitz ya ba da umarnin a daina ceto.

Kada kuma wani ya ɗauki Hartenstein ya wanke su duka. A Maris 1944 kumandan U-852, Heinz-Wilhelm Eck, ya nutsar da jirgin Girka Peleus, ya kwana yana harbin tarkacen da mutane ke maƙale a kai. An yi masa shari'a a Hambug aka kashe shi a Nuwamba 1945. Jirgi iri ɗaya, tuta ɗaya, teku ɗaya. Abin da ya bambanta su shi ne mutumin da ke tsaye a hasumiya da waɗanda suka bi umarninsa.

Ɗan Bukoki:
A nan ma UBOAT ya yi ƙoƙari. Bayan ka nutsar da jirgi kwale-kwalen tsira na nan a ruwa, kana iya matsawa ka ba su abinci da ruwa, ko ka ɗauki wasu. Abincin kuma daga na mutanenka yake fita, kuma duk mintin da ka yi a tsaye jirgin sama na iya zuwa. Tun da na fara tsayawa wurinsu, harbin kansa ya canza mini. Ina yi, amma ba na murna kamar da.

Auta:
Na kashe muryoyin kamar yadda yaya ta ce. Gaskiya wasan ya zama fayau, ban ma gama yaƙin ba. Na ba ku wannan. Amma har yanzu ina ganin in aka cika wa mutum lissafin abinci da gado, kumandan ya tashi daga kumandan. A jirgin gaske ai akwai masu yin wannan, ba shi ke tura kowa barci ba.

Ƴar Wadata:
Nan kam kana da gaskiya, kuma maganarmu ɗaya ce. Ba na son in riƙa jan mutane da linzami. Ina son su yi aikinsu da kansu, su yi daidai su yi kuskure, ni kuma in san su.

Kawu Makaniki:
Haka ne ɗiyata. Kumandan da ka shiga kicin kullum bai yarda da kukunshi ba, kuma jirgi duka za su sani.

Mai Sibar:
To tunda kwamfuta ba ta kai nan ba tukuna, mu yi da kanmu. Asabar bayan isha'i ina da inji biyar da ke ɗaukar Wolfpack, na tanadi gazuwal na janareto ko da an ɗauke kuran. Mai tsohuwar kwamfuta kada ya damu, Silent Hunter III na tafiya a kusan kowace, in ya zo da kile zan nuna masa yadda ake ɗora gyaran GWX da masoya wasan suka yi kyauta. Ɗan Bukoki kumandan, Mushe taswira, Ƴar Wadata nutsewa in ba ta da gadi. Auta, kai ne kan saurare.

Auta:
Na karɓa. Amma a ba ni abin ji mai kyau, na rannan kunne ɗaya ne ke aiki.

Ƴar Wadata:
Ba ni da gadi Asabar, sai dai ƙarfe goma sha ɗaya zan tashi, ƙanena zai zo ɗaukata.

Kawu Makaniki:
Ɗana ya ce in rezo ya yi kyau za ya shigo daga nan Tawa ya riƙe tuƙi, ni ina gefenshi. Mai Sibar, ka aiko mashi yadda ake haɗawa tun ran Juma'a, mu gwada muryar kahin lokaci.